Ɗan Shekara Sha Ɗaya Ya Isa Ya Karɓi Baƙinsa

Saura mako uku 'yata ta cika shekara 11 na zaunar da ita ina karanta mata shirin da na tsara, ina jin kaina uba na gari. Balan-balan, wasan zagaya kujeru, mai barkwanci da zai zo ya ba yara dariya, da jerin sunaye kusan talatin, kaf 'yan ajinsu. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Baba, don Allah kada ka sa balan-balan. Dariya za a yi mini." Na ce to ke me kike so? Ta ɗaga kafaɗa, wai ba ta sani ba. Da dare ya yi kuma, wannan babbar da ta wuce balan-balan ita ce ta roƙe ni kada in kashe mata fitilar ɗaki.

Duk mai yaro tsakanin shekara 9 zuwa 12 ya san wannan hali. Sun fi ƙarfin wasan ƙananan yara, amma ba su kai a sake su su fita su kaɗai ba. Abin da ya sa su tsalle bara, bana kunya yake ba su. Mu iyaye kuma sau da yawa ba ma lura da ranar da aka tsallaka wannan iyaka, sai mu ci gaba da shirya wa ɗan shekara goma bikin ɗan shekara biyar, muna ƙara yawan mutane da girman wuri muna zaton shi ne ci gaba.

Ni a ganina, daga shekara tara zuwa sama a daina tara wa yaro jama'a ana zaunar da shi a tsakiya kamar kayan nuni. A fita da shi da abokansa kaɗan, su je su yi wani abu da hannunsu da ƙafarsu: hawan bango da igiya, ninƙaya, tseren keke, ƙera kofi da yumɓu, wasan bolin (gara ƙwallo don kayar da sanduna), zagayen gidan namun daji. Wannan ɓangaren mutane da yawa sun riga sun yarda da shi. Inda nake ganin har yanzu muna kuskure shi ne wajen tambayar wa ke da ranar. Mukan canza wurin taron, mu bar linzamin a hannunmu. Yaron yana nan a matsayin babban baƙo, alhali ya isa ya zama mai masauki.

Me ya sa sai an yi wani abu, ba zama kawai ba? Ka tara yara goma masu wannan shekaru a ɗaki ɗaya babu abin yi, ka duba agogo. Kafin minti ashirin sun rabu gida biyu, wasu na ƙus-ƙus a lungu, wasu sun sunkuya a kan wayar mutum ɗaya, ga kuma ɗan uwan mai bikin da bai san kowa ba yana zaune zugum yana wasa da igiyar takalminsa. Manya sun iya cika wuri da hira, yara ba su gama koya ba. Abin yi shi ke ba mai kunya wurin sa hannunsa da idonsa. Ba sai ya nemo abin faɗa ba, tun da layi zai zo kansa, zai yi jifa, a yi ihu ko a yi dariya, magana ta samu da kanta.

Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya bayyana tun a 1950 cewa daga wajen shekara shida zuwa sha biyu babban abin da ke kai-komo a zuciyar yaro shi ne kokawa tsakanin jin "na iya" da jin "ni ban kai sauran ba". Ba sai ka yarda da dukan abin da ya rubuta ba kafin ka ga gaskiyar wannan a fuskar yaron da ya taɓo ƙarshen bango a karo na huɗu bayan ya zame sau uku. Babu mai barkwancin da zai iya sayar maka da wannan fuskar. Akwai kuma batun jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana, kuma binciken da ta fitar a 2019, wanda ya shafi ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa. Ba na cewa fitar yini ɗaya za ta gyara wannan. Amma yaron da ya fara taɓa igiyar hawa a bikin abokinsa yana iya damun iyayensa su mayar da shi, kuma haka ake fara abubuwa da yawa.

Sai dai akwai wata magana da manya ke yawan yi wadda ya kamata a tauna. Ana cewa abin da mutum ya yi ya fi abin da aka saya masa daɗewa a rai. Leaf Van Boven da Thomas Gilovich sun nuna haka a 2003, amma a kan manya suka yi aikinsu. Da Lan Nguyen Chaplin da abokan aikinta suka duba yara a wani bincike da ya fito a 2020, sai suka tarar 'yan shekara 3 zuwa 12 sun fi samun farin ciki daga abin da za su riƙe a hannu, sai an shiga shekarun samartaka lamarin ke juyawa. Wato kada uba ya hana ɗansa kyauta ya ce ai na kai ka yawo, sannan ya yi mamakin turo baki. Abin da na ɗauka daga nan shi ne fitar ta bar wani abu da za a taɓa: karkataccen kofin da ya ƙera, takardar makin da aka buga, hoto ɗaya da aka wanke aka liƙa a bango. Shi zai riƙa tuna masa.

Yanzu ga abin da nake nufi da mai masauki. Na koma wajen 'yata bayan kwana biyu, na ce mata ga iyakar kuɗin da zan iya kashewa, ga nisan da zan iya tuƙi, kuma mutanen da za a gayyata kada su wuce abin da mota biyu za su ɗauka. Cikin wannan da'irar, zaɓi nata ne. Wannan tsari yana da muhimmanci: iyaka ta fara zuwa, sannan zaɓi. In ka fara tambayar yaro abin da yake so sannan ka zo kana yanke masa, ka koya masa cewa tambayar ta fatar baki ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci haƙƙin wasa da hutu a sashe na 31, ta kuma ce a sashe na 12 a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Idan har ranar haihuwar mutum ba ta cikin abubuwan da suka shafe shi, ban san me ya rage ba.

Ba ta ɓata lokaci ba, ta ce hawan bango. Ta taɓa yi sau ɗaya, ta iya, kuma na san tana so a gan ta tana yi. Sai na yi mata tambayar da nake ganin ita ce zuciyar al'amarin gaba ɗaya. Na ce, "A cikin waɗanda kika rubuta, wa zai fi shan wahala a wurin?"

Ta yi shiru. Can ta ambaci wata ƙawarta, yarinya mai sanyin hali wadda ko matakalar bene mai buɗaɗɗen gefe ba ta son hawa. Ta ce, "To ai sai ta zauna ta kalle mu." Na ce awa biyu? Ta ce, "Baba, ai ranata ce." Na ce ƙwarai ranarki ce, kuma ke kika kira ta. Muka rabu a haka, tana shan kunu. Ban ce ta canza ba, kuma da ta nace da hawan za mu tafi, in nemo wa yarinyar abin yi a ƙasa. Washegari da safe, tana saka takalmin makaranta, ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Bolin za mu je. Amma ka yi alkawari ni da kai za mu je hawan bango."

Wannan daren da ta kwana tana juya maganar ya fi mini duk abin da ya biyo baya. A nan yaro ke fara gane cewa gayyata nauyi ce, cewa wanda ka kira ya bar abin da yake yi ya zo saboda kai. Iyayen da ke shirya komai a ɓoye don su ba yaro mamaki suna da kyakkyawar niyya, amma sun ɗauke masa wannan darasin.

Saboda haka in za a auna wani wasa, da mafi rauni a cikin baƙi za a auna shi, ba da mai bikin ba. Bolin, wato gara ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanyar katako don kayar da sanduna goma masu siffar kwalba, yana da wata falala: kowa layinsa zai zo, zagaye goma ne ga gwani da ɗan koyo, sa'a tana da rabonta, kuma yawancin wuraren suna da shingen da ake ɗagawa don kada ƙwallo ta faɗa kwatar gefe. Aikin yumɓu ko zane ba shi da mai nasara sam, amma yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya zai gaji. Ɗakin wasan tserewa, inda ake ba ƙungiya kamar minti 60 ta warware kacici-kacici ta samu hanyar fita, yana koyar da aiki tare, sai dai mai bakin cikinsu yakan mamaye komai, kuma wasu ɗakunan don manya aka tsara su. Ninƙaya kuwa tana buƙatar tunani biyu. Balaga kan fara tsakanin shekara 8 zuwa 13 ga mata, 9 zuwa 14 ga maza, ma'ana a aji ɗaya akwai wanda jikinsa ya fara canzawa da wanda bai fara ba, kuma da yawa ba sa son tsaransu su ga jikinsu. Ga kuma wanda bai iya ruwa ba amma zai gwammace ya faɗa ciki da ya furta a gaban abokai. A tambayi iyayensa, kada a tambaye shi a cikin taro.

In wasan na ƙungiya-ƙungiya ne, roƙona ɗaya: kada a tsayar da shugabanni biyu su riƙa zaɓar mutane ɗaya bayan ɗaya. A rubuta sunaye a takarda a jefa ƙuri'a. Duk wanda aka taɓa zaɓa a ƙarshe yana ƙarami bai manta ba har yau.

Wannan ya kawo mu ga jerin sunaye, inda mafi yawan hawaye ke fitowa. Babbar sukar da ake yi wa irin wannan fita ita ce tana tilasta rage mutane, rage mutane kuma na nufin an bar wani a baya. Suka ce mai nauyi, ba na raina ta. A 2003 Naomi Eisenberger da Matthew Lieberman da Kipling Williams sun sa manyan mutane wani wasan jefa ƙwallo a kwamfuta suna cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, can sai aka daina jefa musu. Wani ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke aiki lokacin jin zafin jiki ya motsa. Manya ke nan, a wasan banza, da mutanen da ba su sani ba. Ina ga ɗan shekara goma da ya ji ranar Litinin ana labarin inda aka je babu shi?

Amma maganin ba shi ne gayyatar kowa da kowa dole ba. Yaro biyar daga aji mai talatin ba wariya ba ce, kowa ya san mota ba ta ɗaukar aji. Mugun lissafi shi ne na tsakiya: a kira duk 'yan matan aji ban da biyu, ko duk 'yan ƙungiyar ƙwallo ban da ɗaya. Ko dai kaɗan sosai, ko kowa. Kuma gayyata ta bi ta hannun iyaye, ba a raba katin a cikin aji ana tsallake wasu kujeru ba. Mai masauki kuma a gaya masa tun da wuri cewa ba a zuwa makaranta ana fariya da inda aka je.

Mu manya ma muna da laifinmu a nan, kuma a waya yake. Facebook da Instagram da TikTok duk sun sa 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, wato a ƙa'ida yaran da muke magana a kansu ba sa wurin. Mu ne ke kai su. Uwa ta ɗora hotuna arba'in kafin a iso gida, uwar yaron da ba a kira ba ta gani, yaron ya leƙa ta kafaɗarta. Ban da haka, 'ya'yan mutane ne a hoton, ba a tambayi iyayensu ba. Na kan yi zargin cewa rabin manyan bukukuwan yara saboda wannan hoton ake yin su, a kece raini tsakanin iyaye, yaron kuwa an ari sunansa ne kawai.

Akwai wuri ɗaya da ba a miƙa wa yaro linzami ko kaɗan, shi ne tsaron lafiya. Ranar 4 ga Janairun 2019, a garin Koszalin na ƙasar Poland, 'yan mata biyar masu shekara 15 sun je ɗakin wasan tserewa don murnar ranar haihuwar ɗaya daga cikinsu. Wuta ta tashi a ginin, hayaƙi ya kashe su duka a ɗakin da aka kulle su, babu ƙofar fita ta gaggawa. Bayan nan hukumomin ƙasar suka bi irin waɗannan wurare da bincike, suka rufe da dama. Ban kawo wannan don tsoratarwa ba, na kawo shi ne don tambayoyin da suke kamar ƙwaƙƙwafi ba ƙwaƙƙwafi ba ne. Ƙofar nan da gaske ake kulle ta, ko tana buɗuwa daga ciki? Wa ke kallon yaran? Ma'aikaci nawa ga yaro nawa? Wa ke duba igiya da ɗamarar hawa kafin yaro ya bar ƙasa? Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a 2012 kan wasa da shimfiɗar tsalle ta tirampolin, ta ce yawancin raunuka na faruwa ne idan fiye da mutum ɗaya na tsalle a lokaci guda, kuma ƙaramin cikinsu ya fi shiga haɗari. Shi kuma nutsewa a ruwa ba ya zuwa da ihu kamar yadda ake zato, shiru yake faruwa, cikin ɗan lokaci. Takardar da ake miƙo maka a bakin ƙofa ka sa hannu, karanta ta, domin yawanci wurin take karewa ba ɗanka ba. Sannan lambar wayar iyayen kowane yaro, da sanin wa ke da asma ko wani abu da jikinsa ba ya karɓa.

A ƙidaya kawuna, a sake ƙidayawa. A wata fita da na raka ɗan ƙanwata, mun shiga mota mun tayar sai matata ta ce ina yaron nan mai jar riga? Kowace mota ta ɗauka yana ɗayar. Ashe ya koma ban ɗaki bai gaya wa kowa ba. Minti kaɗan ne, amma har yau in na tuna sai cikina ya juya, ina tunanin da wane baki zan kira mahaifiyarsa. Tun daga ranar, kowane babba yana da sunayen yaran da ke wuyansa a rubuce.

Bayan wannan kuma, sai a ja baya. A zauna inda ido zai kai amma kunne ba zai kai ba. Kada uba ya tsaya a bayan ɗansa yana gyara masa riƙon ƙwallo a gaban abokai. Na san da wuya, ni ma sai da na danne kaina. Awa biyu zuwa uku sun isa, a tashi tun ana marmari, kuma a bar musu rabin awa da ba a tsara komai a ciki ba. A nan ake ainihin bikin.

Wani zai ce duk wannan zancen masu hali ne. Ban yarda ba, ko da yake na san wuraren wasan kuɗi sun iya lissafi: ɗaki na musamman, jakar kyauta ga kowane yaro, mai ɗaukar hoto, har kuɗin ƙarin ya ninka na wasan da aka zo yi. Ana iya ƙin duk wannan a biya na wasan kawai. Ana kuma iya ƙin wurin gaba ɗaya. Farautar ɓoyayyen abu a filin shaƙatawa, da alamomi goma da aka rubuta a takarda daren jiya, tana riƙe yara shida awa biyu cur. Haka tafiya a keke zuwa wani wuri da ba su taɓa zuwa ba, ko kwanciya a fili da dare ana neman taurari. Abin da ba shi da kyau shi ne a gayyaci yaro sannan iyayensa su tarar a bakin ƙofa cewa su za su biya. In da biya, a faɗa tun a gayyata, don mai uzuri ya janye da mutuncinsa. Gaskiyar da ke cikin ƙorafin ita ce masu tsara birane sun manta da wannan rukuni. Lilo da zamiya na 'yan shekara huɗu ne, wuraren zama na samari ne, ɗan shekara sha ɗaya kuwa sai inda ake karɓar kuɗin shiga. Fili mai tsaro, hanyar keke, da ɗakin karatu mai ɗan abin yi ba alfarma ba ne, kuma iyaye na da bakin neman su daga hukumomi.

Mu dai bolin muka je, su shida. 'Yata ta zo ta biyar, abin da bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Yarinyar nan mai tsoron bene, a zagaye na bakwai ta tura ƙwallo da hannu biyu kamar mai tura ƙofa, ƙwallon ta tafi a hankali har na ɗauka za ta tsaya a hanya, ta kayar da goman duka. Ita kanta ba ta gane ba sai da sauran suka rufe ta da ihu. Takardar makin tana liƙe a jikin ƙofar ɗakin 'yata, an zagaye wurin da jan biro.

Alkawarin hawan bango na cika shi bayan mako biyu. Ta kai ƙololuwa sau uku, ni na maƙale a tsakiya ina roƙon a sauko da ni. Ƙaninta kuma zai cika tara nan da wata huɗu. Ya riga ya kawo mini takardarsa: ƙananan motocin tsere yake so, sunaye goma sha tara. Na gaya masa mota biyu. Ya ce zai je ya yi tunani.